Waiwaye: Yadda rashin tabbas kan manufofin gwamnati ke girgiza kasuwar canji

Kafin 1971 darajar manyan kuɗaɗe a ƙayyade take. Yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 ta ɗaure su da dala, dala kuma da zinare, dala 35 kan kowace oza. Ranar 15 ga Agusta 1971 Shugaban Amurka Nixon ya tsinke igiyar da ta ɗaure dala da zinare, zuwa 1973 kasuwa ce ke yanke farashi. Tun daga nan hasashen 'yan kasuwa kan abin da gwamnati za ta yi gobe ya shiga cikin farashin yau.

Da zarar shakku ya kunno kai, masu shigo da kaya sukan yi rububin sayen dala tun lokacin biya bai zo ba, masu fitar da kaya su jinkirta dawo da tasu gida, bankuna su faɗaɗa tazarar saye da sayarwa. Wanda ya ranto yen, kuɗin Japan, mai ƙaramin kuɗin ruwa ya zuba inda ruwa ke da tsoka sai ya kwashe jarinsa don biyan bashin, kuɗin ƙasar da ya bari ya ƙara zubewa.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta sau uku. Ranar 16 ga Satumba 1992 ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12 don kare darajar fam, ta yi alkawarin 15, kasuwa ba ta gaskata ba, da dare fam ya fice daga tsarin canjin Turai, wanda ya ɗaure darajar kuɗaɗen ƙasashen da ke cikinsa da juna. Bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016 ya faɗi ƙasan da rabonsa da shi tun 1985. A Satumban 2022 kuma aka sanar da rage harajin fam biliyan 45 ba a faɗi inda za a cike giɓin ba, fam ya gangaro kusa da dala 1.03. A Turkiyya, korar gwamnan babban banki Naci Agbal a Maris 2021 ta nuna cewa fadar shugaban ƙasa ce ke juya akalar kuɗin ruwa. Lira ta rasa kusan kashi 44 a shekarar.

Ba kowa bugun ke sama daidai ba. Ƙasar da bashinta na dala ne ta fi jin jiki, domin faɗuwar kuɗinta na kumbura bashin, yayin da dala da yen da faran na Suwizalan ke zama mafaka. Ko a rikicin kuɗi na duniya na 2008, da wutar ta tashi daga Amurka, dala hawa ta yi. Sai dai a Afrilun 2025, da Trump ya ƙaƙaba sabbin harajin shigo da kaya, ya dakatar da akasarinsu bayan mako guda, dalar ce ta faɗi, masu jari suka karkata ga yuro da yen da zinare.