Waiwaye: Wa Ke da Iko da Kifin Dam, Sarkin Ruwa Ko Gwamnati?

Duk wanda ya daɗe yana sauke banda a kasuwannin Legas, ko a Mile 12 ne ko a Agege, ya san ana gane lafiyar ruwa tun daga bakin kwali. A kwance igiya, a ɗaga marfi. Idan manyan tarwaɗa ne naɗe a sama, ƙasa kuwa an cika da 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba, to ruwan da aka kamo su ya shiga wahala, an fara cin iri. Kaso mai yawa na wannan banda daga Arewa yake zuwa: Tafkin Chadi, kogin Neja da Binuwai, da tafkunan da madatsun ruwa suka haifar. A kan waɗannan tafkuna na dam ne aka kwashe shekaru ana ja-in-ja kan wanda zai tsawata wa masunta.

Kafin zuwan dam babu wannan gardama. Kowane yanki na kogi yana da Sarkin Ruwa, shi ke buɗe su, shi ke rufewa, shi ke raba faɗa idan koma ta hau kan koma. Baƙo ba ya jefa birgi sai ya kai gaisuwa. Ragowar tsarin tana nan a Argungu, inda ake killace Matan Fada har ranar biki. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kowa ya san iyakar ruwan garinsu, kuma mai hukuncin yana kwana a bakin ruwan.

Dam ɗin Kainji, da aka kammala a 1968, ya rushe iyakokin nan a lokaci guda. Ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, aka tashi mutum sama da 40,000, kogin Neja ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270. Ciyawa da itatuwan da ruwa ya binne suka ruɓe suka zama taki, kifi ya yi ambaliya. A farkon shekarun 1970 abin da ake kamawa a shekara ya haura tan 28,000. Labari ya bazu, masunta suka kwararo daga ko'ina, kafin ƙarshen shekarun kamun ya faɗi ƙasa da rubu'in haka. Haka sabon dam yake yi: takin farko yana ƙarewa daidai lokacin da jirage suka fi yawa. Bayan Kainji aka yi Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Oyan kusa da Abeokuta a 1983, Shiroro a 1990, Challawa a 1992. Don lantarki ko noman rani ko ruwan sha aka gina su, kifi kuwa gyara ne aka samu a kai, shi ya sa babu wanda ya tanadar masa mai kula tun farko.

Gwamnati ta gwada riƙe abin ita kaɗai. Dokar soja mai lamba 108 ta 1992 kan kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, in ban da kayan kama warangi, wasu 'yan ƙananan kifaye masu kama da sadin. Ana auna idon ne a miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, ko da yake masunta da yatsu suke ƙiyasta nasu. Dokar ba ta da aibu a takarda. Aibun yana wajen zartarwa: su na cikin ƙasa a hannun jihohi yake, jami'in kifi ɗaya zai iya samun kansa da ƙauyuka da yawa, ba jirgi, ba mai. Ya zo ranar kasuwa ya yanka rasit ya koma, da dare a shiga ruwa da abin da aka ga dama.

A 1993 aka fara aikin haɗin gwiwa na Najeriya da Jamus kan kifin Kainji, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa. Nan ne aka fi gwada abin da ake kira kula ta haɗin gwiwa, wato gwamnati ta riƙe doka, masarautun Borgu da Yauri da Kontagora da sarakunan ruwa su riƙe zartarwa, masunta su samu bakin magana. An fara da ƙidaya, ƙauye bayan ƙauye: masu jirgi nawa, yaransu nawa, kwalekwale nawa, inji nawa, kalli (komar shimfiɗawa a ruwa) da birgi (komar jefawa) da mamari (igiya mai ƙugiyoyi) da gura (tarkon kifi) nawa. Sannan aka riƙa auna kamu a zaɓaɓɓun mashigai a wasu ranaku na wata. Jihohin Neja da Kebbi suka daidaita dokokinsu, domin ba ta yiwuwa abin da aka hana a gabar gabas ya halatta a ta yamma. Lasin kuma aka bi da shi ta hannun shugabannin ƙauye, waɗanda suka san wanda ya biya da wanda ya ɓuya.

Babban gwajin shi ne dala. Koma ce doguwa da ake zagaye gaɓa da ita a jawo da hannu, idonta kamar na gidan sauro. Warangi ake nema, amma tana kwaso 'ya'yan faliya da karfasa da giwan ruwa da ke fakewa a ruwa mara zurfi. A ƙarshen shekarun 1990 aka tsaya kan hana ta, kuma hanin ya kama ne saboda sarakuna sun sa baki. Sai dai dala tana ciyar da mutane da yawa, masu ja da mata masu shanyawa, kuma wanda aka raba da ita ba a ba shi abin da ya kai ta riba ba. Da kuɗin aikin ya ƙare, sintiri ya yi sanyi, ta fara dawowa.

Ba Najeriya kaɗai ba. Daga 1999 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da tallafin Birtaniya, ta gwada irin wannan tsari a tafkunan Volta a Ghana, Kossou a Kodebuwa, Selingue a Mali, da Bagre da Kompienga a Burkina Faso.

Inda kwamitocin da ake kafawa a irin wannan tsari ke tuntuɓe sananne ne. Kuɗin lasin yana wucewa baitulmalin jiha ba tare da an ware wa kwamiti kason man sintiri ba, alhali zagaye ɗaya da inji yana cin mai. Ana kafa kwamiti da 'yan gari zalla, a bar baƙin masunta waje, su kuwa sau da yawa su ne masu manyan kaya. Ana mantawa da mata masu banda, waɗanda da za su ƙi sayen ƙananan kifi da an rage kamo shi. Hukunci kuma a kan fara shi daga ƙona koma, maimakon gargaɗi, sannan tara, sannan ƙwace. Mutumin da aka ƙona wa jarinsa gobe da gidan sauro zai dawo. Akwai kuma abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, har da na Legas. Dillalin da ya ba masunci bashin koma da inji yana jiran kwalayensa kowane mako, ba ruwansa da an rufe su. Masunci mai bashi a wuya ba ya hutar da ruwa, ko Sarkin Ruwa ya ce me.

Wanda ba a cika gani a zaman kwamiti ba shi ne mai riƙe da ƙofar dam. Kainji tana samun cika biyu, farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga Gini da Mali da sanyi, sannan ruwan ya ja baya da mitoci masu yawa idan ana juya injinan lantarki. Karfasa a gaɓa take haƙa gurbinta ta yi ƙwai. Idan aka zuƙe ruwa da sauri a lokacin, gurabun sun bushe ko da babu wanda ya jefa koma. Mazauna Isheri da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san ɗaya fuskar abin, domin idan hukumar kogunan Ogun da Osun ta buɗe ƙofofin Oyan da damina, su ake yi wa sanarwar su tattara kaya. Masuntan da ke tafkin bayan bangon dam ɗin, ciki har da Hausawa, su ma suna buƙatar jadawalin sakin ruwan tun kafin lokaci, don su san makonnin da za su ɗaga kalli daga gaɓa da wuraren da za a killace wa iri.