Haɗa Mailchimp da Airtable don bayanai su riƙa wucewa da kansu: tambayoyi da amsoshi

Mailchimp manhaja ce ta aika wasiƙun talla ta imel ga dubban mutane a lokaci guda. An kafa ta a Atlanta ta Amurka a 2001, kamfanin Intuit ya saye ta a 2021 kan dala biliyan 12 ko kusa da haka. Airtable kuwa, wadda aka kafa a San Francisco a 2012, a ido jadawali ce irin ta Excel, amma a ciki rumbun bayanai ce, don ana iya ɗaura layin wannan tebur da na wancan. Masu ƙananan sana'o'i kan ajiye bayanan kwastomomi a ɗaya, su aika saƙo da ɗaya, su ƙare da kwafe suna da hannu daga nan zuwa can.

Me ake nufi da haɗa su?

A ce kana da cibiyar koyar da kwamfuta. Ɗalibi ya cika fam, sunansa ya faɗa Airtable. Maimakon ka jira ƙarshen mako ka fitar da sunayen a fayil ɗin CSV, wato fayil na jadawali da manhajoji ke iya karantawa, ka loda a Mailchimp, sai sunan ya wuce da kansa, saƙon maraba ya isa gare shi tun bai manta da ya yi rajista ba. Kowane haɗi sassa biyu gare shi: abin da ke tayar da shi, wato sabon layi a tebur, da aikin da zai biyo baya, wato ƙara mutumin a jerin masu karɓar saƙo.

Sai na iya rubuta manhaja?

A'a. Akwai 'yan tsakiya da aikinsu ke nan. Zapier ta fi suna kuma ta fi sauƙi ga ɗan koyo. Make, wadda aka sani da Integromat kafin 2022, ta fi ba da damar rassa da sharuɗɗa. Ita n8n ta Jamus ana iya ɗora ta a kan sabar mutum, wato kwamfutarsa da ke aiki a intanet ba tsayawa, ga wanda ya iya. Duk ukun suna amfani da API, ƙofar da kowace manhaja ke buɗe wa 'yar'uwarta. Wanda ke aiki da Google Sheets maimakon Airtable, hanyar ɗaya ce.

Ta wane ɓangare bayanan za su riƙa tafiya, ko duka biyun?

Nan ne gizo ke saƙar. Mutane kan so duk abin da ya canza a nan ya canza a can, na can ma ya canza a nan. Yana da daɗin ji, amma ka duba: an gyara suna a Airtable, haɗi na farko ya kai gyaran Mailchimp, Mailchimp ta sanar cewa an yi canji, haɗi na biyu ya dawo da shi Airtable, ita ma ta ga canji, sai na farko ya sake tashi. Haka za su yi ta juyi har kason aikin da 'yar tsakiyar ta ba ka na wata ya ƙare a dare ɗaya.

Maganin abin yana kan takarda tun ba a taɓa kwamfuta ba. Ka zauna ka raba: wane bayani ne na wa? Suna, lambar waya, gari, kwas ɗin da aka saya, ko an biya ko ba a biya ba, duk na Airtable ne, daga can suke fita kuma ba a gyara su sai a can. Amma ko mutum yana son saƙonka ko ba ya so, ko adireshinsa yana aiki ko ya mutu, wannan Mailchimp ce ta sani, ita ce mai maganar ƙarshe. Kowane gurbi hanya ɗaya yake bi. Mailchimp ma ta tanadi wannan: wajen saita sanarwarta ta kai tsaye, kana iya zaɓar a sanar da kai canjin da mai adireshin ya yi da kansa, ban da wanda ya shigo ta API. Cire alamar zaɓin API ɗin nan guda ita ke yanke juyin.

Mutum ya cire kansa daga jerina, amma sunansa na nan a Airtable. Haɗin zai mayar da shi?

Idan shi ya danna mahaɗin fita da hannunsa, Mailchimp ba za ta bari a mayar da shi ta API ba, saƙon kuskure za ka gani. Sai dai shi ya sake cika fam ko ya tabbatar ta imel. Wannan kariya ce gare ka, ko da a ranar ta ba ka haushi.

Haɗarin yana gaba. Ran da ka bar Mailchimp ka koma wata manhajar, daga Airtable za ka kwashi sunaye, kuma idan teburin bai san wa ya fita ba, duk waɗanda suka ce ka ƙyale su za su wayi gari da saƙonka. Shi ya sa a ganina haɗin da ke dawo da labarin fita zuwa tebur ya fi na kai sabbin sunaye muhimmanci, ko da yake shi ake mantawa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa. Ga wanda ke tura saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail, dole a iya fita da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin cewa saƙonsa shara ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mutum uku ke nan cikin dubu.

Me ya sa mutum ɗaya ke fitowa sau biyu ko uku a teburina?

Saboda ka ce wa haɗin ya ƙirƙiri layi, bai kuma san ya fara dubawa ba. A cikin jeri guda, Mailchimp da adireshin imel take gane mutum, ba ta karɓar adireshi ɗaya sau biyu. Airtable ba ruwanta, sau goma ka ba ta sau goma za ta rubuta. Don haka a sa mataki a tsakiya: nemi layi mai wannan adireshin, in akwai a gyara shi, in babu a ƙirƙira. A mayar da adireshin ƙananan haruffa, a share sarari a gaba da baya kafin neman.

Tunda ana maganar tsafta: gurbin lambar waya a sa shi na rubutu, ba na lissafi ba, in ba haka ba sifilin farko na 0803 zai ɓace. Kwanan wata ma a lura, 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Na kunna haɗin, tsofaffin sunaye ba su wuce ba.

Ba za su wuce ba. Zapier daga lokacin da aka kunna take fara lissafi. Tsofaffin a kai su sau ɗaya ta CSV. Mai turawa ta API kuma ya sani Airtable ba ta karɓar fiye da buƙata 5 a daƙiƙa ga kowane rumbu, in an wuce sai a jira daƙiƙa 30.

Nawa zai ci?

Da dala ake biya, don haka lissafin ya cancanci zama. Tsarin kyauta na Zapier aiki 100 ne a wata kuma mataki biyu kacal, ka ga matakin neman nan da muka ambata ya riga ya kai ka tsarin biya. Na Airtable layi 1,000 ne a rumbu. Mailchimp kuma da yawan mutane take caji, har da waɗanda suka fita muddin ba ka mayar da su ma'ajiya ba, kuma mutum ɗaya a jeri biyu mutum biyu ne a wurinta. Jeri ɗaya da alamomi na rarrabewa ya fi arha. Kada ka tura wa tebur labarin duk wanda ya buɗe saƙo, zai cinye kasonka, alhali alƙaluman buɗewar ma ba abin dogaro ba ne tun da Apple ta fara ɓoye su a 2021.

Ina da adireshin mutane da na tara a wajen taro. In zuba su a tebur su wuce?

Sun yarda ka aika musu talla? In ba su yarda ba, kar ka zuba. Ƙa'idar Mailchimp ta hana, tana kuma dakatar da asusu a kan haka. Dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, tana aiki tun Mayun 2018, Najeriya ma tana da dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar NDPC mai kula da ita. Ka ƙara gurbi biyu a teburin, ɗaya na amincewa, ɗaya na ranar da aka bayar da ita da inda aka bayar, sannan ka sa wa haɗin sharaɗi: layin da gurbin amincewarsa yake fanko ba ya wucewa.