Jarabar caca: ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Jarabar caca hali ne da mutum ke shiga, caca tana cin kuɗinsa da barcinsa da mutuncinsa, ya san tana cutar da shi, amma ya kasa bari. A 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya ta a rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamomi 9 likitocin Amurkan suka lissafa, wanda ya haɗa 4 cikin wata 12 ya kamu. Daga ciki akwai ƙara kuɗin da ake zubawa kafin a ji daɗin da aka saba ji, komawa washegari don a rama asara, yi wa iyali ƙarya, da jiran wani ya biya bashin.

Ka leƙa shagon buga wasa a Yelwa ko Wunti cikin garin Bauchi ranar Asabar da yamma. Samari sun zuba wa talabijin ido, kowa da doguwar takarda a hannu, ƙasa cike da yagaggun tikiti, wani yana cewa "wasa ɗaya ne ya yanke min". Kallo ɗaya za ka ce duk matsalarsu ɗaya ce. A 2002 masana biyu, Alex Blaszczynski da Lia Nower, suka bayyana cewa hanya uku ce ke kai mutum nan.

Na farko lafiyarsa ƙalau kafin ya fara. Abokai suka ja shi, ya ci sau ɗaya, ya ɗauka ya gane sirrin ƙwallo. Damuwar da ke kansa bashi ne ya haife ta, shi ya sa ya fi saurin dawowa hanya.

Na biyu ne ya fi ba ni tausayi, kuma shi muka fi zalunta. Da ciwonsa ya zo: ciwon damuwa, ko fargaba marar dalili, ko wani ƙunci da ya taso da shi tun yarinta, maraici ne ko azabar gida. Ba ci ne ya dame shi ba. Mintunan da yake kallon waya yana jiran sakamako su ne kaɗai lokacin da zuciyarsa ke yin shiru. Irinsa ba lallai ka gan shi a shago ba, a ɗaki yake bugawa cikin dare, akwai mata ma a ciki. In aka ƙwace wayar aka bar ciwon, sai ya nemi wata mafaka, sau da yawa ƙwaya. Caca haramun ce, ayar Suratul Ma'ida ba ta bar shakka ba, amma zagi da gori ba su warkar da damuwa, ƙara ta suke yi.

Na uku gaggawa ce a jininsa. Tun yana yaro ba ya zama wuri ɗaya, ba ya tsayawa tunanin abin da zai biyo baya. Ya kan fara caca da wuri, ya haɗa da tiramol ko wiwi, ga faɗa, ga ɗauke-ɗauke. Maganinsa ya fi wuya, ya fi ɗaukar lokaci.

Abin da bai kamata iyali su yi wasa da shi ba shi ne tunanin kashe kai, domin ya fi yawa a tsakanin masu jarabar caca fiye da sauran jama'a, musamman idan bashi ya taru. Wanda ya fara cewa "gara in huta" ko "ku yafe min" ba tare da dalili ba, kada a bar shi shi kaɗai. A raka shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a faɗa wa likita batun cacar da barcinsa da abin da yake sha, wani amintacce kuma ya riƙe masa katin banki har ya samu sauƙi.