Matsalar kwanan wata a tsofaffin kwamfutoci

Matsalar kwanan wata kuskure ne da ke sa kwamfuta ta nuna rana, wata ko shekarar da ba ita ba. Wani lokaci batirin agogo ne ya mutu, wani lokaci kuma laifin yana cikin BIOS, wato manhajar da aka dasa a jikin babban allon kwamfuta, wadda ke fara tashi kafin Windows. A ido biyun sun yi kama, amma asalinsu daban, maganinsu ma daban.

Tun daga kwamfutar IBM PC/AT ta 1984 ake sa wa allo ɗan guntun agogo, irin su MC146818 na kamfanin Motorola, wanda ke ci gaba da ƙirga lokaci ko an ɗauke wuta. Abin da ke riƙe da shi a yawancin na'urori shi ne batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin volt 3. Masu gyara a Bauchi suna ce masa batirin simos.

Wannan agogo da lambobi biyu kawai yake ajiye shekara: 87, 94, 99. Ita kuwa "19" ta gaba, wadda ke nuna ƙarni, an ajiye ta ne a wani gurbi daban da agogon ba ya taɓawa, BIOS ne ke da alhakin sauya ta. Da tsakar daren 31 ga Disamba 1999 sai 99 ta koma 00, a tsofaffin alluna da yawa kuma 19 ta zauna daram, na'ura ta ɗauka 1900 ake ciki. Shi kuma DOS, tsohuwar manhajar gudanar da kwamfuta da ta gabaci Windows, lissafinsa daga 1 ga Janairu 1980 ya fara, bai san 1900 ba, don haka kwamfutoci da dama suka wayi gari suna nuna 4 ga Janairu 1980. Wannan ɗaya ne daga fuskokin matsalar da duniya ta sani da Y2K. Ba sakaci ne zalla ba: a zamanin katin huda mai gurbi 80, wanda ake shigar wa kwamfuta bayanai da shi, da farkon COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhaja, wurin ajiya tsada gare shi, rage lambobi biyu a kowane layi tanadi ne na gaske. Inda aka yi kuskure shi ne zaton na'urorin ba za su kai labari ba.

Akwai kuma rikicin shekara mai kwana 366. Ƙa'idar kalandar Miladiyya ita ce shekarar da ta rabu da 100 ba ta samun 29 ga Fabrairu, sai in ta rabu da 400. Saboda haka 2000 tana da ita, 1900 ba ta da ita. Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta ba 1900 wannan rana bisa kuskure, Excel ya gaji kuskuren da gangan don takardun su dace, kuma har yau yana nan. Ranar 31 ga Disamba 2008, rana ta 366, na'urorin sauraron waƙa na Zune masu 30GB suka daskare saboda lissafin da ke cikinsu ya kasa fita daga ranar.

A shagunan buga takardu da kafe-kafen intanet na kewayen Wunti a Bauchi, inda kwamfutoci 'yan gwanjo suka fi yawa, abin da aka fi gani mai sauƙi ne. A kunna na'ura da safe, baƙin allo ya tsaya yana neman a danna F1, Windows ya tashi da shekarar da aka ƙera allon. Ɗalibi ya zo cike fom, shafi ya ƙi buɗewa, don takardar shaidar tsaron shafin tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, agogon kuwa ya ce lokacinta bai yi ba. Nan ake ɗora wa netwok laifi, wani ma har ya sa a goge Windows a sake zubawa, alhali murfi za a buɗe a sauya batiri a saita rana. Hanyar bambancewa: in an saita, aka cire filogi na ɗan lokaci, ranar ta sake komawa baya, batiri ne. In kuwa batiri sabo ne amma BIOS ya ƙi karɓar shekarar, sai sabunta shi ko a bar manhaja ta riƙa gyara lokacin daga intanet.

Saura matsalar shekarar 2038. Tsarin Unix, wata manhajar gudanar da kwamfuta, yana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga 1 ga Janairu 1970, kuma gurbi mai bit 32 iyakarsa 2,147,483,647. Adadin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya, daga nan lissafi ya faɗa Disamba 1901. Sababbin tsare-tsare sun koma bit 64. Waɗanda suka rage su ne ƙananan na'urori da ba a sabunta manhajarsu, irin tsofaffin rauta da na'urorin naɗar hoton kyamarar tsaro.