Yaron da ba a miƙa wa kofin shayi: tambayoyi da amsoshi

A Damagaram, iyaye da malaman lakwal a raɗa suke wannan magana, in ma sun yi ta: ɗan lise, wato makarantar sakandare, da zuciyarsa ta karkata ga ƴan jinsinsa, ko wanda zargi kawai ya faɗa kansa, a ina zai samu abokai?

Da gani ana gane irin wannan yaro?

A'a. Samari biyu su fito daga lise Amadu Kuran Daga riƙe da hannun juna har Zango, ba mai waiwayensu, abota ce. Wanda ake tsangwama yawanci shi ne mai siririyar murya ko wanda ba ya buga ƙwallo, sai a liƙa masa "ɗan daudu". Alhali daudu a ƙasar Hausa maganar salo ce da sana'ar girki, abin da ke cikin zuciya kuwa daban. Wani da ake zagi ba ruwansa da lamarin. Wani mai ɗauke da shi kuma yana cikin masu dariyar, don kada ido ya juyo kansa.

Cuta ce?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar ƴan jinsi ɗaya daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu, 1990. Abin da ke kwantar da waɗannan yara shi ne tsangwama da kora daga gida, su ke jawo ciwon damuwa, har wani ya yi tunanin kashe kansa. Duka bai taɓa canza abin da zuciya ke ji ba, ƙarya kawai yake koya wa yaro.

To me ya haɗa wannan da fada?

Saurayin Zinder a fada, wato majalisar da samari ke zaman shan shayi, yake zama mutum. Nan ake hura gawayi bayan isha'i, a yi bitar darasin BAC, jarrabawar kammala lise, a haɗa kuɗin sukari. Ka zauna ka lura: butar ta tafasa, kofi ya zagaya, ya zo kan wani yaro sai a tsallake shi, ba wanda ya ce uffan. Gobe ba zai zo ba. Jibi yana kan waya yana hira da baƙon da bai san fuskarsa ba, kuma a can ne ake yaudarar yara, a karɓi hotonsu a riƙa yi musu barazana da shi.

Aboki ko mushe (malamin aji) fa, me zai iya yi?

Rufin asiri kafin komai. Tun Janairun 2023 Mohamed Bazoum, yana shugaban ƙasar Nijar, ya yi maganar sanya hukuncin wannan lamari a doka, kuma kundin tsarin mulkin da gwamnatin soja ta fitar a Maris 2025 ya haramta lamarin. Saboda haka kalma ɗaya a zauren WhatsApp na aji tana iya raba yaro da gidansu da karatunsa.

Ni ban ce kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Amma addinin da muke tutiya da shi ya hana bin diddigin asirin mutane da kiran juna da mugun laƙabi, yana nan cikin Suratul Hujurat. Mushe da ya ji zagin a aji ya tsawatar nan take, ba sai ya tambayi yaron ko gaskiya ne ba. Aboki kuwa, in kofi ya tsallake wancan, ya miƙa masa nasa ya ce, "Karɓi, ɗan'uwa, kada ya huce."