Kalmomin Maita da Sihiri a Harsunan Galisiya, Fotugal da Sifaniya

Harshen Galisiya, wanda ake yi a arewa maso yammacin Sifaniya, da harshen Fotugal da Sifaniyanci duk daga Latin suka samo asali, shi ya sa kalmominsu na maita da sihiri suke kama da juna. Da yawa daga cikinsu sun sauya ma'ana da tafiyar zamani, har wasu suka koma kalmomin yabo da ƙauna.

Meiga ita ce fitacciya. Yawancin masana harshe suna danganta ta da magicus ta Latin, wato abin da ya shafi sihiri. A ƙauyukan Galisiya meiga mace ce mai asiri, wadda ake zargi da lalata nonon saniya ko jefa wa yaro ciwo, amma kuma wurinta ake zuwa neman magani, don haka tana tsakanin mayya da bokanya. Sammun da ake ɗora mata shi ne meigallo, kuma har yau masu neman a karya musu shi suna zuwa cocin O Corpiño da ke Lalín, musamman a ƙarshen watan Yuni. Mutanen yankin suna da wata magana da kowa ya sani: "Eu non creo nas meigas, mais habelas, hainas", ma'ana ni ban yarda da mayu ba, amma akwai su kam, akwai su. Da an tsallaka kogin Miño zuwa Fotugal kuwa, meigo da meiga na nufin mutum mai taushin hali da nuna ƙauna. Uwa takan kira ɗanta meigo ba tare da tunanin maita ya zo mata ba.

Mayya ta sosai ita ce bruxa a Galisiya da Fotugal, bruja a Sifaniya, kuma masana ba su daidaita kan asalin kalmar ba. Masu shari'ar coci sun bambanta ta da hechicera: bruja ana zarginta da ƙulla alkawari da Shaiɗan da tashi sama cikin dare, hechicera kuwa sana'a ta koya, tana aiki da ganye da ƙulle-ƙulle. Shari'ar maita da aka yi a birnin Logroño na Sifaniya a 1610 kan mutanen ƙauyen Zugarramurdi ce ta yaɗa kalmar aquelarre, taron mayu, daga harshen Basque.

Hechizo na Sifaniyanci da feitiço na Fotugal da feitizo na Galisiya duk sihiri suke nufi, kuma daga facticius ta Latin suke, wato abin da hannu ya ƙera. Sifaniyanci ya mayar da harafin f na farko zuwa h da ba a furtawa. Yau mai waƙa yakan ce idon masoyiyarsa hechicero ne, haka ma encantar, wadda asalinta karanta surkulle ne a kan mutum, ta zama burgewa: idan an gabatar da baƙo a Madrid, "encantado" zai ce.

Feitiço ta yi doguwar tafiya. Fotugisawan da suka gina ganuwar Elmina a 1482, a Ghana ta yau, da ita suka riƙa kiran kayan tsafi da layun da suka gani a gaɓar teku. Ta shiga Faransanci a matsayin fétiche, sannan a 1760 Charles de Brosses ya ƙirƙiro fétichisme don bayyana addinan Afirka, bayanin da raini ya fi fahimta yawa a cikinsa. Afirka ma ta ba su tata kalmar. Sunan Mandinka, mutanen Afirka ta Yamma waɗanda aka sani da layun fata masu ɗauke da rubutun ayoyi, ya zama mandinga, wato sihiri, a Brazil. Bolsa de mandinga ƙaramar jaka ce da ake ratayawa a wuya don kariya daga wuƙa da harsashi, kuma a ƙarni na 18 kotun coci ta Lisbon ta hukunta bayi da 'yantattu saboda ita, ko da yake addu'o'in Kirista da ɓarɓashin dutsen bagadi ne galibi a ciki. A Ajantina da Yurugwai, Mandinga suna ne na Shaiɗan kansa.