Matsayin Iyali a Binciken Harshen Ƙananan Yara

Matsayin iyali, wato ilimin iyaye da sana'arsu da abin da suke samu, yana cikin ma'aunan da masu nazari suke amfani da su wajen bayyana dalilin da ya sa wani yaro yake shiga aji ɗaya da kalmomi masu yawa, wani kuma da kaɗan.

Tarihi

Muhawara a kan wannan batu ta yi ƙarfi a wajajen shekarun 1960, lokacin da Basil Bernstein, masanin zamantakewa na Ingila, ya ce maganar 'ya'yan leburori takan jingina da abin da mai sauraro ya riga ya sani, alhali makaranta bayani dalla-dalla take so. William Labov kuwa, masanin harshe na Amurka, ya nuna cewa yaran baƙaƙen fata na unguwar Harlem a birnin New York, waɗanda ake ɗauka ba su iya magana sosai ba, suna kafa hujja mai tsari idan sun saki jiki.

Aikin da ya fi shahara shi ne na Betty Hart da Todd Risley, wanda ya fito a 1995. Sun bi gidaje 42 a yankin Kansas na Amurka, suna naɗar magana awa ɗaya kowane wata har kusan shekara biyu da rabi. Sun ƙiyasta cewa ɗan ƙwararrun ma'aikata yana jin kalma 2,153 a awa, ɗan gidan da ke karɓar tallafin gwamnati kuwa 616, daga nan aka samo zancen tazarar kalma miliyan 30, wato bambancin jimillar kalmomin da yaran biyu za su ji a shekarunsu na farko. Gidajen masu karɓar tallafin shida ne kacal, abin da ba kasafai ake ambata ba.

Suka

Douglas Sperry da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa tazarar tana raguwa idan aka ƙirga duk maganar da ake yi a gaban yaro, ba wadda uwa ke yi masa kai tsaye kaɗai ba. Har yanzu ana jayayya a kai.

A Legas

Wannan sukar ta shafi Hausawan Agege da Idi-Araba kai tsaye. Yaron da ya tashi a gidan haya yana jin Hausa a ɗaki, Yarabanci wajen maƙwabta a tsakar gida, Broka a bakin titi, Larabci a makarantar allo, tun kafin ya haɗu da Turancin boko. A al'ada kuma uwa takan yi kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa, sai kaka da goggo da yaran gida su riƙa yi masa hira da tatsuniya. Ma'aunin da ya tsaya ga uwa da ɗanta kaɗai zai bar mafi yawan wannan magana a waje.